Furannin da Goggo Ta Zana a Likkafaninta

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kowa ya sani, har wanda bai taɓa binne nasa ba. Yau kwana arba'in da rasuwar Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji. Da safe an yi sadaka, an raba waina da gumba, mata sun naɗe tabarmi sun watse. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, shi ya sa na jawo wannan littafi na 'yan makaranta na zauna a bakin ƙofar ɗakinta.

Tun ranar farko gidanmu na Tudun Wada bai rabu da jama'a ba. An zo daga cikin birni, an zo daga Kwangila, an zo daga Hanwa inda nake aure. Kowace mace ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya aka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan rai." Mu amsa. Sai ta yi shiru gwargwadon abin da kunya ta yarda, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ke 'yar nan, wai da gaske ne abin da ake faɗa? Furanni a jikin likkafani?"

"Da gaske ne, Inna."

Daga nan kowa sai ta kawo nata fassarar. Wata ta ce tsufa ne, hankali ya fara gushewa, Allah ya sa mu gama lafiya. Matar kawuna, wadda dama jininsu bai taɓa haɗuwa da Goggo ba, ta taɓe baki ta ce, "Mutum ya yi adonsa a duniya, kuma ya ce sai ya tafi da shi kabari? Ni dai ban taɓa ji ba." Wata kuma ta ce ai an wanke, magana ta ƙare, a bar mamaci ya huta. Mutum ɗaya ce ba ta tambaye ni komai ba, wata tsohuwa da ta tako da ƙafa daga Dutsen Abba da sandarta. Ta zauna har numfashinta ya dawo, ta kwance ƙullinta, ta ɗora mini wata tsohuwar rigar matashi a cinya, zaren jikinta duk ya koɗe.

"Ita ta zana mini wannan, shekarar da hannuna ya fara rawa," in ji ta. "Na ji an ce kina neman zanenta."

Na kifa fuskata a kan tsumman nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar.

Ina so a sani, Goggo ba ta haukace ba, ba kuma ado ta nema ba. Domina ta zana furannin nan, ta aika in zo in kwafa, ni ce ban zo ba. Zanenta ya haura arba'in, kuma ba ta taɓa sa ko ɗaya a takarda ba. Abin da ya rage a duniya yanzu shi ne guda tara da ke bayan wannan littafi, a karkace, sai ɗan abin da ke kaina, wanda kullum na farka sai in ga ya ragu. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada in wayi gari wata rana in tarar babu komai.

A Zariya ɗinkin hannu ba baƙo ba ne. Maza suna da nasu na manyan riguna, su aska biyu da aska takwas, masu zanensu suna cikin birni sun gada kaka da kakanni. Na Goggo daban yake, na matan cikin gida ne: rigar matashi, bakin zanen gado, labule, adiko, hular jariri. Ita ba ta cika riƙe allura ba, zane ne aikinta. A kawo mata farin yadi, ta shimfiɗa a kan wani katako da take ɗorawa a cinya, ta tsoma alƙalamin kara a kurtu ta zana fure, mai kaya ta tafi gida ta bi layin da zare. Tawadarta irin ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, don in an gama ɗinki aka wanke sai ta fita tas, zare kaɗai ya rage.

Ba ta zana furen da ba ta gani da idonta ba. Da damina, hantsi na fitowa za ka same ta a tsugune a ɗan lambun bayan gida, goro a kunci, ta zuba wa furen kuɓewa ido kamar mai jiran ya yi mata magana. Ina ƙarama na taɓa ce mata, "Goggo, ba jiya kika gan shi ba?"

"Na jiya ya faɗi, uwar gaggawa. Wannan wani ne."

Uwar gaggawa, haka take kirana har na yi aure. Furen rama, furen auduga, furen wake, furen lalle, furen tumfafiya da ko akuya ba ta kulawa, duk sun shiga ɗakunan amare ta hannunta. Saboda furen bado ta taɓa kutsawa cikin kududdufi har gwiwa, tana da shekara fiye da hamsin, ta dawo gida da laka har zane. Baba ya yi ta faɗa, wai ta zubar masa da mutunci a unguwa. Ta ce masa, "Kai da na goya, yau kai ne mai mutuncin da zan zubar?"

Tana da wata ɗabi'a da masu kawo aiki suka yi ta ƙorafi a kai har suka gaji. A kowane zane sai ta bar ganye ɗaya da ɗan gurbi a gefensa, inda tsutsa ta ci. In aka ce ta gyara, sai ta ce, "Ganyen da tsutsa ba ta taɓa ba, ba a ƙasarmu ya tsiro ba. In ba kya so, ga hanya." Don haka ina roƙon duk matar da wannan rubutu ya iske, ko aka karanta mata, ta duba adudunta. In ta ga tsohon ɗinki mai ganye ɗaya da gurbi, ko ya yage, ko ya zama tsumman goge tukunya, don Allah kada ta yar. Ta aiko gidanmu, zan zo da ƙafata.

Goggo ba ta barin mace ta zaɓi furen da take so. Kina shigowa da yadinki za ta ce, "Kawo hannunki." Ta riƙe, ta juya, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yanke hukunci. Mai hannu mai sanyi ta ba ta furen lalle, ƙanana ƙanana masu cin rai. Mai garaje ta ba ta mai faɗi. Tsohuwar nan ta Dutsen Abba, da ciwon rawar hannu ya kama ta, 'ya'yanta sun karɓe mata allura sun ce ta huta, ta zauna tana ta ramewa. Goggo ta ji labari ta tafi har can, ta zana mata ganyen gwaza manya manya, masu layi a lanƙwashe, yadda ko hannu ya kauce ba mai ganewa. Tsohuwar ta ci gaba da ɗinki shekara bakwai bayan nan. Goggo ba ta taɓa ba ni wannan labari ba, sai a zaman makoki na ji shi.

Ta haifi biyar, babu wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, aka ba ta ni. Ban taɓa jin ta ambaci 'ya'yan nan ba, sai dai in an kawo hular jariri ba ta karɓar ko goro, kuma ranar ba a cika jin muryarta a tsakar gida ba.

Ni da ta riƙe nawa hannun ina shekara tara, furen kabewa ta ba ni. Shekara ta zagayo, kabewa. Wata ta sake zagayowa, kabewa. Sa'o'ina suna ɗinka furen auduga da alharini, ni ina fama da wannan ƙaton fure mai baki a wangame. Na ce ta koya mini zanen kansa, ta ce, "Sai ranar da kika iya zama a gaban fure har inuwarki ta matsa." Ban taɓa iyawa ba. Na ɗauka raini ne, na ƙulle abin a zuciya, kuma da shi na tafi gidan miji.

Muna da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, matar wani malamin makarantar mishan. Kirista ce, Malama muke ce mata, ita ta koya mini karatun boko da nake wannan rubutu da shi. Aminiyar Goggo ce ta ƙut da ƙut, da Sallah a kai mata tuwo, da Kirsimeti ta aiko da shinkafa, kuma adikon da take ɗaurawa ranar Lahadi zanen Goggo ne a jikinsa. Ita ce ta ba ni wasu takardu masu santsi da aka aiko mata daga ƙasar Turawa. Fure ne a jiki da shuɗin layi, ka kifa a kan yadi, ka danna da dutsen guga mai zafi, ka ɗaga, sai ga furen wardi ya fito cas, ba kurtu ba tsuguno a lambu. Malama ba ta nufi komai ba sai alheri. Ni kuwa na ga na tsinci dami a kala.

A Hanwa matan ma'aikata suka yi mini ca. Kowacce tana son wardi a mayafin teburinta, irin na gidan Bature. Kaina ya kumbura. Wata Juma'a na naɗo wanda ya fi kyau na zo Tudun Wada, na shimfiɗa a gaban Goggo, a gaban matan da ke jiran ta zana musu.

Ta ɗauka ta juya bayansa tukuna, don ita daga baya take gane mai ɗinki. "Hannunki ya nutsu," in ji ta. Sannan ta juyo gaban, ta daɗe tana kallo. "Wannan a gonar wa ya tsiro?"

"Wardi ne, Goggo. Na ƙasar Turawa."

"Kin taɓa ganinsa?"

"A'a."

"Kin taɓa shinshina shi? In ya bushe ta ina yake fara faɗuwa?"

Matan suka kwashe da dariya. Da na haɗiye, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ai shi ake yayi yanzu. Naki na ƙauye ne, Goggo, wa zai shimfiɗa furen miya a teburinsa?"

Goggo ta ninke mayafin a hankali, gefe da gefe, ta miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa baƙo.

"To, Allah ya ba da kasuwa," in ji ta. Ta jawo katakonta ta ce wa ta gaba, "Kawo hannunki."

Shekara biyu muka yi a haka. Ina zuwa da Sallah, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa, ta tambayi maigidana, shi ke nan. Ba ta sake ce mini uwar gaggawa ba. Na fi son ta zage ni da wannan ladabi da take yi mini, amma girman kai ya hana ni buɗe baki in ce ta yafe.

Cikin shekarar nan ta bana yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farkon damina ta aika ta bakin maigidana, da ya biya gaishe su a kan keke, ta ce in zo akwai abin da take so in kwafa. Na ce sai na gama aikin da ke hannuna. Da marka Malama ta zo Hanwa da kanta, zanenta jiƙe da ruwa, ta ce, "Goggonki kullum tana ɗaki tana zane, ta hana kowa gani, ta ce naki ne. Ki je mana." Na ce sai ruwa ya ɗauke. Na uku Baba ne ya aiko, ya ce jikin ya fara nauyi. Na ce Asabar mai zuwa in Allah ya yarda. Ranar Laraba bayan sallar asuba ta cika.

Hantsi ya ɗaga lokacin da na iso. Maza sun cika ƙofar gida, an riga an tafi haƙa kabari. Na shiga na tarar mata sun yi da'ira a tsakar gida, ba kuka suke ba, kallo suke. Tsohuwar da ke wa matan unguwarmu wankan gawa ce ta buɗe adudun Goggo don ta ciro likkafani, ta warware shi a kan tabarma, kowa ya ja da baya.

Likkafanin nan duk gidan an san da shi. Farin alawayyo ne, babban wansu da ya je Makka da ƙafa ya tsoma shi a zamzam ya kawo mata, ta ajiye shi shekaru, ko mu ba ta bari mu taɓa. Yanzu ga shi daga wannan baki zuwa wancan baƙi ƙirin da furanni. Na gane dalili tun kafin a faɗa mini. Idonta ba ya ganin ƙaramin abu, takarda ta yi mata kaɗan, dama kuma ta ce takarda abincin gara ce. Duk farin yadin da ke ɗakinta na mutane ne. Wannan kaɗai ne nata, shi ta ba ni.

Na faɗi a gwiwa a gefensa. Daga farkon yadin layin yana da kyau, siriri, irin wanda na sani. A kusurwar farko furen kabewa ne, amma ba sau ɗaya ba, sau biyar a jere: na farko layi ɗaya kawai, na biyu an ƙara biyu, haka har ya cika, yadda ake nuna wa mai koyo inda zai fara sa alƙalami. Haka ta yi wa rama, haka ta yi wa bado. Can wajen ƙarshe furannin sun yi girma, layin yana rawa, wani ya hau kan wani inda ba ta ga ta riga ta zana ba.

Mai wankan ta ce, "A kawo daro. Sai an wanke ya bushe kafin a yanka, rana tana tafiya."

Na tashi a guje na nufi soro, ko mayafi ban gyara ba, na sa aka kira mini Baba. Ya shigo idonsa jajur.

"Baba, don girman Allah a sayo wani yadin. A bar mini wannan."

"Ba zai yiwu ba."

"Kasuwa ba nisa, Baba. Zan ba da zannuwana duka, zan ba da ɗan kunnena."

"Ba maganar saye ba ce, 'yata. Ta kira ni shekaranjiya, a gaban liman, ta ce a cikin wannan za a sa ta, kyautar wanmu ce. Na ce ai kin ɓata shi da tawada. Ta ce tawada ruwa ke fitar da ita, albarka kuwa ba ta wankuwa. Ta ce in kin zo kin kwafa, a wanke. In ba ki zo ba ma, a wanke." Ya share ido da hannun riga. "Na ɗaukar mata alkawari. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan."

Na kama ƙafarsa. Ban taɓa yin haka ba tun da aka haife ni. Na ce a jinkirta zuwa la'asar, na ce zuwa gobe, na faɗi maganganun da ban san ina faɗa ba. Ya ce ba a ajiye gawa saboda zane, mutane suna zaune a rana. Sannan ya dubi tsakar gida ya nuna da hannu.

"Kin ga inuwar rumbu? In ta janye daga bakin rijiya, a wanke. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Malama ba ta jira an ce mata komai ba, ta zaga gidanta ta dawo da wannan littafi da fensir biyu. Ta yage rabi ta riƙe, ta durƙusa a wancan bakin, ni a wannan. A ɗaki ana yi wa Goggo wanka, ina jin ƙarar ruwa a kwarya.

A nan na gane abin da na yi wa kaina. Shekara goma sha biyar ina ɗinki, ban taɓa jan layi ɗaya da babu wani a ƙarƙashinsa ba. Ido yana gani, hannu ya ƙi bi. Na zana furen rama ya fito kamar tafin kaza. Na goge da yawu takardar ta huje. Na ɗora takarda a kan yadin in bi ta sama, ta yi kauri ba a ganin komai. Malama ta ce a shafa mata man gyaɗa za ta nuna abin da ke ƙasa, na miƙe zan ɗauko, wata gwaggon maigidana ta riƙe ni ta ce, "Kul! Maiƙo a likkafani? Wannan ba ya fita." Na koma na durƙusa. Fensir ya karye, na fiƙe da haƙori. Ina zana ɗaya idona yana kan goma, ina ƙoƙarin haɗiye su da kallo, ina cewa a zuci wannan furen lalle ne, ganye bibbiyu, wannan wake ne, ya lanƙwasa hagu. Hawaye ya ɗiga a kan furen auduga, nan take gefensa ya narke, na ja da baya da sauri don kada in ƙara ɓata wani.

Ba na son duban rijiya, amma wuyana ya ƙi bin umarnina. Inuwar tana janyewa kamar ana jan tabarma. Na roƙi matan da ke tsaye, na ce duk wadda ta iya riƙe gawayi ta taimake ni ta zana ko ɗaya a bango. Suka dubi juna. Duk cikinsu babu wadda Goggo ba ta zana wa ba, kuma babu wadda ta taɓa zanawa da kanta.

Baba ya yi gyaran murya daga soro. Mai wankan ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kaina.

"Tashi, 'yar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Inna, ɗaya kawai. Bari in ƙarasa wannan."

"In kin ƙarasa shi za ki ce wani. Baiwar Allah tana kwance tana jiran suturarta."

Ta kama bakin yadin, na kama ɗaya bakin. Muka tsaya a haka, tsohuwa da ta isa haihuwar uwata tana ja ina ja, a gidan mutuwa, a gaban surukaina. Malama ce ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tana kuka tana cewa, "Saki, saki, kada ya yage." Furanni biyar na samu na kwafa, ita huɗu.

Na ce to, in dai sai an wanke, ni zan wanke. Ba wanda ya hana ni.

Na jawo ruwa guga uku na zuba a daro. Na ninke yadin yadda kusurwar kabewa za ta zama ta ƙarshen shiga, na tura shi a hankali. Ko cuɗawa ban yi ba. Tawadar ta tashi da kanta kamar hayaƙi, bado ya tafi, tumfafiya ta tafi, aikin wata huɗu na mace mai rabin ido ya tafi kafin a karanta Fatiha uku. Ruwan ya koma baƙi. Na tsaya ina kallonsa, na san duk abin da Goggo ta sani yana cikin daron nan, kuma yanzu za a kwarara shi a magudana.

Na sa hannu biyu na kamfata na sha.

Na ji wata ta ce, "Subhanallahi!" Na sake kamfata na sha, yadda ake ba yaro rubutu don ya yi ƙwaƙwalwa. Na san ba aya ba ce. Na san baƙin tukunya ne da ƙaro da ƙurar adudu, ɗacinsa har yanzu yana maƙogwarona. Amma ba ni da wata dabara da ta rage, kuma na kasa barin ya tafi duka a ƙasa. Mai wankan ta zo ta janye daron daga gabana, ba ta yi mini faɗa ba, ta dafa kaina kawai ta ce a kawo sabulu.

Yadin ya bushe a kan igiya fari fat, kamar ba a taɓa sa masa alƙalami ba. Aka yanka, aka ɗinka, aka suturta ta. Kafin azahar aka fita da ita.

Tun daga ranar maigidana ya bar ni a nan, ya ga ba ni da amfani a Hanwa. Kullum da safe ina bin gidaje ina sallama, ina roƙon a nuna mini tsofaffin matasai. Wasu sun tafi da amare garuruwa masu nisa, wasu sun mutu an yar, waɗanda na samu kuma zare ya rufe layin, ana ganin furen amma ba a ganin inda ta fara. In na dawo sai in tsuguna a lambu da kurtunta da alƙalaminta, amma damina ta wuce, kuɓewa ta daina fure, sai baɗi in da rai. Ruwan da na sha bai sauko hannuna ba. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyin da wuya ba ya iya ɗauka.

Ya Allah, ka ga baiwarka da ta zo maka a cikin farin da ta zaɓa. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwancinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta biyar, ka buɗe mata idonta a lambun da furensa ba ya faɗuwa. Ni kuma ka sa ta yafe mini, don ban samu na roƙe ta ba.

Ɗazu, bayan an watse daga sadaka, wata mata ta yi sallama daga wani ƙauye a bayan Dutsen Abba. Ba ta ji labari ba. Farin yadi ne a hannunta, 'yarta za ta tare bayan girbi, ta ce Goggo ce ta zana wa ita kanta nata, tana so 'yar ma ta samu irinsa. Na faɗa mata. Ta yi salati ta zauna ta yi addu'a, sannan ta dubi kurtun da ke gefena, ta dubi yatsuna da suka yi baƙi.

"Ai ke ce 'yar da ta riƙa ko? To, alhamdu lillahi, gida bai mutu ba."

Na ce mata ban iya ba. Na rantse mata da Allah ban iya ba. Ta yi murmushi, ta ɗauka kunya ce irin ta masu makoki, ta ajiye yadin a kan katakon Goggo ta ce za ta dawo ranar kasuwa ta sama.